Yadda za ka hana aikinka mutuwa a saba idan wuta ko sabis ya ɗauke

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke koro kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, ɗan yayata ya kira ni daga Mabera wajen ƙarfe ɗayan dare. Yana ajin ƙarshe a karatun kimiyyar kwamfuta, aikinsa na kammalawa kuma wani shiri ne da ya rubuta da harshen kwamfuta na Python, wanda ke tace bayanai masu yawa. Laftof ɗinsa ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, sai ya yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke can nesa ana aiki da ita ta intanet, da ake biya wata-wata, yana shiga da datar wayarsa ta ssh, shirin da ke haɗa ka da kwamfutar nesa. Ya tayar da aikin tun bayan isha'i. Wuta ta ɗauke, wayar ta yi zafi ta shanye cajinta ta mutu. Da ya samu ya ɗan yi caji a gidan maƙwabta ya koma, sai ya tarar da wayam.

"Kawu, mi yaf faru? Wallahi ban taɓa komi ba. Sabar tana nan lahiya lau, amma aikin babu shi."

Awa huɗu suka tafi haka nan. Abin ya dame ni ƙwarai, domin maganinsa bai fi layi ɗaya ba, kuma ni ne ban koya masa ba. Don haka na zauna na rubuta abin da na gaya masa washegari, daki-daki, saboda ɗalibanmu da masu kula da saba a garin nan duk suna fama da wannan matsalar.

Fara da sanin wanda ya kashe aikin

Sabar tana can wata ƙasa, wutarta ba ta ɗauke ba. To me ya haɗa mutuwar waya a Mabera da mutuwar aikin da ke gudana a can?

Amsar tana cikin asalin Unix. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina shi a Bell Labs ta Amurka a 1969, mutane da yawa ne ke raba kwamfuta ɗaya, wasu kuma ta layin tarho suke shigowa. Idan mutum ya ajiye kan waya, dole a share abin da ya bari don kada ya tare wa na baya wuri. Sai aka tanadi wata sigina mai lamba 1, sunanta SIGHUP, wadda ma'anarta ita ce "an katse layi". Layin tarhon ya zama tarihi, amma dokar tana nan a Linux da macOS da BSD.

Ga yadda take aiki a yau. Idan ka shiga saba ta ssh, ana buɗe maka taminal na kwaikwayo, wato tagar da kake buga umarni, a ɗora maka shel a kai, wato shirin da ke karɓar umarninka, galibi bash. Duk umarnin da ka bayar, ɗan wannan shel ɗin ne. Idan sabis ya ɗauke, sabar ba ta ganewa nan take, takan ɗauki mintoci, wani lokaci ma fiye. Da zarar ta gane, sai ta rufe taminal ɗin, kenel, wato zuciyar Linux, ya aika wa shel SIGHUP, bash kuma kafin ya mutu sai ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya miƙa musu wannan siginar. Shirin da ba a koya masa yadda zai yi da ita ba, faɗuwa yake yi.

Gwada da hannunka a laftof ɗinka, minti biyu ya isa. Buɗe taminal ka rubuta:

`sleep 600 &`

Alamar & ɗin nan tana tura aikin bayan fage. Yanzu rufe tagar da linzami, buɗe wata, ka rubuta `pgrep -a sleep`. Ba za ka ga komai ba. Sake gwadawa, amma wannan karon ka fita da rubuta `exit`. A bash za ka tarar aikin yana nan da ransa, domin fita cikin tsari ba ta sa bash ya aika siginar, sai in an kunna zaɓin `huponexit`. Wannan bambancin ne ke ruɗar mutane. Wani zai rantse maka cewa & kaɗai ta wadatar, ya sha gwadawa. Gaskiya ya faɗa, amma da `exit` ya riƙa fita, bai gamu da katsewar layi ba tukuna. Masu Mac su lura: tun 2019 zsh ne shel ɗin da ke zuwa da ita, shi kuwa ko da `exit` ka fita, al'adarsa ya gargaɗe ka sannan ya aika siginar.

Mataki na farko: tmux, kafin ka taɓa komai

In da abu ɗaya kawai zan bar maka, wannan ne. Nicholas Marriott ya fara rubuta tmux a 2007. Akwai yayansa GNU Screen tun 1987, shi ma yana aiki, amma tmux na fi sabawa da shi kuma shi zan nuna.

Shiga sabar, ka saka shi. A Ubuntu ko Debian:

`sudo apt install tmux`

Sannan ka buɗe zama, ka ba shi suna:

`tmux new -s aiki`

Za ka ga koren layi ya bayyana a ƙasan allo. Wannan ce shaidar kana ciki. Yanzu tayar da aikinka yadda ka saba, ba sai ka ƙara komai ba. In kana son fita ka bar shi yana tafiya, danna Ctrl da b tare, ka saki, sannan ka danna d. Ka saki ɗin nan da muhimmanci, sabbin shiga da yawa sukan danne ukun gaba ɗaya su ce bai yi ba. Idan ka dawo, ko bayan awa ɗaya ko bayan mako:

`tmux attach -t aiki`

Allon zai dawo maka yadda ka bar shi, har da abin da shirin ya rubuta a bayan idonka. In ka manta sunan da ka sa, `tmux ls` zai jero maka su.

Me ya sa shi ba ya mutuwa? Domin tmux kashi biyu ne. Akwai wanda kake gani, shi ne ke manne da ssh ɗinka. Akwai kuma na ɓoye, wanda tun farko ya raba kansa da taminal ɗinka ya buɗe nasa, kuma a ƙarƙashinsa aikinka yake. Idan layi ya katse, SIGHUP tana samun na farkon ne kawai. Kamar ka ba mai shagon unguwa ajiyar kaya ne ka tafi Illela cin kasuwa, lalacewar mota a hanya ba ta taɓa abin da ke cikin shago.

Akwai kuskure ɗaya da nake gani kullum, shi ma ɗan yayata ya faɗa cikinsa a ranar farko. Ya buɗe tmux a laftof ɗinsa, sannan daga ciki ya yi ssh zuwa saba. Wannan ba ya kare komai. A kan sabar ake tayar da tmux: ssh tukuna, tmux daga baya. In kana shakkar inda kake, rubuta `hostname` ka gani.

Saboda mantuwa, ni na haɗe matakan biyu wuri ɗaya. Daga laftof nake rubuta:

`ssh -t suna@saba tmux new -A -s aiki`

Harafin -A yana cewa: in akwai zama mai wannan sunan ka shiga, in babu ka buɗe sabo. Shi kuma -t yana tilasta wa ssh ya ba ka taminal, in ba haka ba tmux zai ƙi tashi. Na ajiye wannan layin a matsayin laƙabi a fayil ɗin `.bashrc` na laftof, ta yadda kalma ɗaya nake bugawa in samu kaina a ciki. Wani lokacin bayan sabis ya dawo, tsohon haɗin da ya mutu yana nan maƙale, sai ka ga allon ya tsuke da ɗige-ɗige a gefe. `tmux attach -d -t aiki` zai kori tsohon ya bar maka wurin.

Sauran dabarunsa za ka koya a hankali. Ctrl-b da c na buɗe sabuwar taga, Ctrl-b da n na kai ka ta gaba, Ctrl-b da % na raba allo biyu. Wanda ya zama dole ka sani yau shi ne Ctrl-b da [, don komawa sama ka karanta abin da ya wuce, q kuma ta fitar da kai. Layi 2000 kawai yake riƙewa in ba ka ƙara ba, don haka rubuta `set -g history-limit 50000` a cikin `~/.tmux.conf`.

In ba a ba ka damar saka tmux ba

Wasu sabobin na makaranta ko na ofis ba za su bar ka ka saka komai ba. A nan sai nohup, wanda kusan kowane Unix ke zuwa da shi. Aikinsa ɗaya ne: ya toshe wa shirinka kunne daga SIGHUP.

`nohup python3 -u tace.py > sakamako.log 2>&1 &`

Mu warware layin nan, domin haddace shi ba tare da fahimta ba yana jawo asara. Kowane shiri a Unix yana tashi da ƙofofi uku: 0 ta shigar da bayani, 1 ta fitar da sakamako, 2 ta fitar da ƙorafin kuskure. `> sakamako.log` ya juya ƙofa ta 1 zuwa fayil. `2>&1` ya ce ƙofa ta 2 ta bi inda ta 1 take a halin yanzu. Shel yana karanta su ne daga hagu zuwa dama, saboda haka in ka juya su ka fara rubuta `2>&1`, a umarnin da babu nohup a gabansa ƙorafin zai tafi taminal, fayil ɗin ya samu sakamako kaɗai. Ranar da shirin ya faɗi cikin dare, dalilin faɗuwar ya bi taminal ɗin da ya riga ya mutu. Shi kuma -u na Python ne. Idan ba ga taminal yake rubutu ba, Python yakan tara abin da zai fitar sai ya yi yawa sannan ya zuba, sai ka buɗe fayil ka gan shi fanko ka zaci aikin ya tsaya. Da -u yana zubawa nan take. Don kallon yadda ake ciki, `tail -f sakamako.log`. Ctrl-c a nan kallon kawai yake tsayarwa, bai shafi aikin ba.

To in ka riga ka tayar da aikin, ya yi awa biyu, sai ka ga cajin waya ya koma kashi 5? Kada ka kashe shi. Danna Ctrl-z, zai daskare a inda yake. Rubuta `bg` ya ci gaba a bayan fage. Sannan `disown -h %1`, wato kana gaya wa bash kada ya aika wa aiki mai lamba 1 siginar. Umarnin `jobs` zai nuna maka lambar in ba ka tabbata ba. Sai dai wannan ceton gaggawa ne, kuma yana da rauni: shirin har yanzu ga tsohon taminal yake rubutu, idan taminal ɗin ya tafi, rubutu na gaba zai gamu da kuskure, wasu shirye-shiryen kuma a nan suke faɗuwa. Ga shirin da ke aiki shiru yana ajiye sakamakonsa a fayil, dabarar tana fitar da kai kunya.

Idan allon ya sandare

Kana cikin bugawa sai komai ya tsaya cak. Kafin ka zargi sabis, danna Ctrl-q. Hannun da ya saba da Windows yakan danna Ctrl-s don adanawa, a taminal kuwa wannan tsohon umarni ne na dakatar da fitowar rubutu, Ctrl-q ke sakinsa. Sa `stty -ixon` a `.bashrc` ka rabu da shi gaba ɗaya. In da gaske layin ne ya mutu, danna Enter, sannan ~, sannan ɗigo. Ssh zai sake ka ba sai ka rufe taga ba.

Sannan ka buɗe `~/.ssh/config` a laftof ka sa `ServerAliveInterval 30` a ƙarƙashin `Host *`. Duk daƙiƙa 30 na shiru zai leƙa sabar, in ya leƙa sau uku babu amsa ya yanke da kansa. Ga mai yawo da datar waya tsakanin Dundaye da cikin gari akwai kuma mosh, wanda ya fito daga jami'ar MIT a 2012. Yana jure sauyin adireshin intanet, ya sake haɗuwa da kansa. Sai an saka shi a ɓangarorin biyu, kuma a buɗe masa ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000.

Rubutun da ke cikin edita

Nan ne na fi son a tsaya, domin asarar rubutu ta fi asarar lokaci ciwo. Aiki za ka sake tayarwa, amma layi ɗari biyu da ka yi tunaninsu da tsakar dare ba lallai su dawo maka kamar yadda suka zo ba.

Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991 bisa tsarin vi na Bill Joy na 1976, ya yi wannan tanadin tun da daɗewa. Moolenaar ya rasu a watan Agustan 2023 bayan ya shafe shekaru fiye da talatin yana kula da shi, kuma duk ranar da editan nan ya ceto mini aiki nakan tuna da shi. Duk fayil ɗin da ka buɗe, vim yana buɗe wani ɓoyayye kusa da shi. In naka `tace.py` ne, nasa `.tace.py.swp` ne, `ls -a` zai nuna maka. Yana zuba canje-canjenka a ciki bayan kowane harafi 200, ko kuma in ka yi daƙiƙa 4 ba ka taɓa madannai ba. Ka ga ke nan abin da za ka rasa kaɗan ne ƙwarai.

Idan ka dawo ka buɗe fayil ɗin, za ka ga dogon gargaɗi mai lamba E325. Yawancin ɗalibai tsoro yake ba su, su danna D ko su goge fayil ɗin da hannu don gargaɗin ya tafi. Sun goge maganin ke nan da hannunsu. Ga yadda ake yi.

Karanta gargaɗin tukuna, ka nemi layin da ke ɗauke da lambar aikin, wato process ID. In an rubuta a gabansa cewa har yanzu yana gudana, to tsohon vim ɗinka yana raye, ko a cikin tmux ko a haɗin da sabar ba ta riga ta gane ya mutu ba. Danna Q ka fita. In a tmux yake, koma can ka ci gaba da abinka. In a mataccen haɗi yake, rubuta `kill` da lambar, ba tare da -9 ba. Vim yana kama wannan siginar ya adana abin da ke hannunsa kafin ya fita, -9 kuwa ba ta ba kowa damar yin wasiyya.

In babu mai gudana, danna R, ko ka fita ka rubuta `vim -r tace.py`. Rubutunka zai dawo. Kada ka yi garajen adanawa a kan na asali. Ba shi wani suna da `:w tace_ceto.py`, ka fita da `:q!`, sannan ka kwatanta su:

`vimdiff tace.py tace_ceto.py`

Za ka ga biyun gefe da gefe, bambancinsu da launi. In ka gamsu, `mv tace_ceto.py tace.py`, sai kuma `rm .tace.py.swp`. Wannan gogewar ta ƙarshe dole ce, vim ba ya yin ta da kansa. In ka bar shi, gargaɗin zai riƙa dawowa, ya kuma buɗe wani mai ƙarewa da .swo, wata rana ka ceto tsohon rubutu ka danne sabo da shi. Wannan ya taɓa samuna a fayil ɗin saitin wata saba, na kwana ina neman inda gyaran da na yi da rana ya shiga.

Ƙara `set undofile` a `~/.vimrc`, domin u ta iya mayar da kai baya ko bayan ka rufe fayil ka sake buɗewa. Masu nano kuma, idan SIGHUP ta same shi yakan ajiye abin da ke ciki a fayil mai ƙarin .save a ƙarshen suna. Emacs nasa yana sa # a farko da ƙarshen sunan.

Idan kwamfutar gabanka ce ta mutu

Duk abin da na faɗa kan tmux da nohup yana aiki ne matuƙar injin da aikin ke kai yana kunne. Kwamfutar tebur a shagon buga takardu, wadda ba ta da batirin ajiya, in wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareto, babu siginar da za a aika wa kowa. Komai ya tsaya a inda yake.

Abin da ya kamata ka sani a nan shi ne Linux ba ya rubuta abu a faifai nan take. Yana riƙe shi a ƙwaƙwalwa don sauri, kuma bisa saitinsa na asali bayani na iya kai kimanin daƙiƙa 30 a can kafin a sauke shi. Shi ya sa `cp` zai dawo maka kamar ya gama, ka zare filas, ka je Runjin Sambo wurin bugawa ka tarar fayil ɗin ya lalace. Bayan kwafi mai muhimmanci rubuta `sync`, ka jira sai ya dawo maka da wurin rubutu, sannan `umount` kafin ka zare. Vim yana tilasta saukewar da kansa duk lokacin da ka yi `:w`, amma `cp` ba ya yi.

Tarihin umarninka ma yana cikin haɗari, domin bash sai zai fita yake rubuta shi. Layi biyu a `.bashrc` sun magance wannan: `shopt -s histappend` da `PROMPT_COMMAND="history -a"`. Daga nan kowane umarni yana shiga fayil da zarar ya kammala.

Sauke manyan fayiloli kuwa, da tsadar data a yanzu bai kamata a fara daga farko ba. `wget -c` yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Tsakanin laftof da saba yi amfani da `rsync -avP` maimakon scp, in ya katse ka sake bugawa, zai yi amfani da guntun da ya riga ya iso.

Saura abu ɗaya da babu umarnin da zai yi maka shi. Sabar haya ma ana sake kunna ta wani lokaci don gyara, tmux kuma ba ya tsallake wannan. Saboda haka na sa ɗan yayata ya gyara shirinsa: bayan kowane layi 1000 ya rubuta sakamako a fayil, ya ajiye lambar inda ya tsaya a wani ƙaramin fayil daban, in ya tashi kuma ya fara duba wannan lambar. Layi goma sha biyu ya ƙara. Kafin ka amince da naka, gwada shi da rana kana kallo: tayar da shi a tmux, bar shi ya yi minti biyar, kashe shi da `kill -9`, sake tayarwa, ka duba ko daga inda ya tsaya ya ɗora. Sannan ka kashe datar wayarka da gangan, ka jira minti goma, ka kunna, ka buga `tmux attach -t aiki`.